Goron da Na Kai Elmina

A gidanmu na Zango, rabon goro aikin babban ɗa ne. Ko suna ne, ko ɗaurin aure, ko sadakar bakwai, Baba zai ce min, "Karɓi," ni kuma in bi dattawa ina sa musu a hannu. Tun kafin gemu ya fito min nake wannan aikin. Da idon Baba ya yi rauni, kafaɗata ce ta zama sandarsa, daga rumfar goronmu zuwa masallaci, daga masallaci zuwa asibiti a Bantama. Ƙanena kuwa ya yi boko, ya samu aikin zagayawa da baƙi a wani tsohon gidan dutse na Turawa a Elmina, wanda aka mayar gidan tarihi. In ya bugo waya sau ɗaya, sai Baba ya yi mako yana labarinsa. Ni kuwa, ido wa ka raina, wanda nake gani kullum.

Ranar da Baba ya ce za mu je mu ga inda yaron yake aiki, sai ya sa ni zaɓen goro. Na ce masa gidan tarihi ne, ba mai zama a ciki. Ya ce bai taɓa jin babban gida babu maigida ba, kuma ba zai shiga gidan da ke ciyar da ɗansa hannu rabbana ba. Na zauna na tsinto farare manya marasa tabo, na naɗe su a ɗanyen ganye, na yayyafa ruwa. A cinyata suka yi tafiyar har bakin teku.

Gidan fari ne fat, katangarsa ta fi tsayin hannuna kauri, ga tsofaffin igwa sun yi tsatsa suna kallon ruwa, ga kwale-kwalen masunta a gindinsa. Ƙanena ya fito da ayarin baƙi a bayansa, ya durƙusa ya gaida Baba.

"Baba, akwaaba, barka da zuwa. Yaya, sannu da hanya, yau kun sha mota."

Sai ya yi wa baƙinsa Turanci, ya juyo ya yi wa Baba Hausa. Ya ce Turawan Fotugal ne suka gina gidan fiye da shekara ɗari biyar saboda zinariya, Turawan Holan suka ƙwace, daga baya mutane suka zama hajar, ana sayar da su bayi. Ya iya magana, ba zan yi masa ƙarya ba, kuma iyawar ce ta fi cin raina. Ina kallon Baba yana gyaɗa kai kamar ana karanta masa tafsiri.

Muka hau ɗakin gwamna, mai manyan tagogi da iska. Baba ya gyara riga ya ce, "To, ina maigidan?"

"Baba, maigida ya tafi tuntuni. Waɗanda suka fi yawa a gidan nan, a ƙasa suka zauna."

A bakin kurkukun ƙasa ƙanena ya ce, "Yaya, bari, ni na san wurin." Ya ɗauke hannun Baba daga kafaɗata ya ɗora a tasa. Ciki duhu ne da danshi da wani wari da shekaru suka kasa wankewa. Ya ce da yawa daga arewa aka koro su, ba mamaki akwai masu salla a cikinsu. Baba ya tsaya cak. Ya tuɓe takalmansa ya miƙo min, ya yi irin sallamar da ake yi wa mutanen maƙabarta. Haka suka tafi su biyu har wata 'yar siririyar ƙofa da ke fita teku, wadda duk wanda ya bi ta bai dawo ba. Ni ina baya da goro a hannu ɗaya, takalmi a ɗaya. Na ji tausayin mutanen nan ƙwarai, amma idona yana kan hannun Baba da ke kafaɗar ƙanena.

Da muka fito tsakar gida, Baba ya ce tunda ba maigida, goron ya zama sadaka, Allah ya kai ladan ga na ƙasa. Na riga na kwance ganyen, na gyara tsayuwa irin ta kullum.

"Ba wa ƙanenka," in ji Baba. "Gidansa ne, baƙinsa ne."

Na ba shi. Yaron da ko ɓare goro bai iya ba sai ya farfasa shi. Ya bi masu gadi da masunta da Turawa, suna gutsira suna yamutsa fuska, Baba yana dariya. A ƙarshe ya zo gabana ya sa min ɗaya a hannu, yadda ake yi wa baƙo. Na gane goron, ni na zaɓe shi. Kishi ya hana ni ci, na jefa shi a aljihu.

Har yau in dattawa suka taru a rumfa, labarin Baba ke nan. Yakan ce, "Duhu ko tafin hannunka ba ka gani, amma ɗana ya riƙe ni." Ba wanda ke tambayar wane ɗan, kowa ya sani. Ina gefe ina yayyafa wa goro ruwa. In aka kira la'asar, sai Baba ya miƙa hannu gefensa, ba ya ko kiran sunana, ni kuma in matso da kafaɗata.