Tunkiyar da Ba Ta Shiga Rabon Gado Ba

Shekara goma sha biyar ke nan da rasuwar Alhaji Mamman, mijin mahaifiyata. Ya bar rumfa biyu a kasuwar Nguru, da gida, da gonar shinkafa a fadamar Gashuwa. 'Ya'yansa biyar suka raba. Ni agola ne, ko tsinke ban gada ba, kuma ban ji haushi ba, haka shari'a ta ce. Tun daga nan nake bugun ƙirji cewa duk buhun barkonon da nake lodawa Kudu gumina ne.

Kwanan baya na faɗi haka a gaban Gambo, abokina na yarinta, wanda har yau dako yake yi mini a Gashuwa. Ya dire buhu yana dariya.

"Maigida, gumin naka ko na tunkiya?"

Wallahi na manta da ita. Al'adar Alhaji ce, duk yaron gidansa, na haihuwa ko na riƙo, sai ya saya masa tunkiya ya kai wa wani makiyayi a Jakusko. Ba mai taɓa ta, ko da Babbar Sallah. Shekarar da na fara sayen barkono, tawa ta zama goma sha ɗaya. Su na sayar na yi jari.

Na ce, "Ai kai ma babanka ya ba ka akuya."

"Ya ba ni. Damina ɗaya ta yi, gero ya ƙare, aka ja ta kasuwa. A tuwo muka cinye ta, har da kai a sa hannu."

Abin da nake ta juyawa ke nan. Gambo bai fi ni lalaci ba, ya ma fi ni gane barkono mai kyau. Dabba ɗaya aka ba kowa. Tawa dai ta faɗa gidan da yunwa ba ta taɓa tilasta a sayar ba.

Da Alhaji zai ga tireloli na loda kayana, ban ce zai yaba ba. Tambaya zai yi: yaran wa ka kai wa tunkiya Jakusko?

Makon jiya na kai tunkiya Jakusko da sunan autar Gambo. Na ce masa in gero ya ƙare ya zo wurina, kada ya je wurin tunkiyar.

Na yi asarar kirarin da na daɗe ina yi wa kaina. Ribar ita ce na gane ashe na gaji Alhaji, tun yana raye.