Amsa-kuwwa a Gonar Kawu

Ko tsufa zai kwashe mini komai daga kai, ba zai kwashe ranar da na kai amsa-kuwwa gonar kawuna ba.

Shekarun fari ne. Ina aikin wutar mota a wani garaji cikin Damagaram, hannu ya fara faɗawa, kai kuma ya fara kumbura. A Gaffati, ƙauyen kawuna, gonaki duk sun ƙone, sai ta kawuna da ke cikin kwari, ita kaɗai ta fid da kai. Sai tsuntsaye jan-baki suka gano ta. Kwana goma kawu da matarsa Inna da maƙwabta suna kaɗa gwangwani suna ihu har muryoyi suka dishe, don hatsin nan shi ne abincin gida uku.

Na je gaisuwa na tarar da su haka. Na ce, "Kawu, wannan ai wahalar mutanen da ce. Zan kawo abin da zai yi ihun mutum arba'in." Kafin in taso na sa Inna ta yi mini ihu na naɗa a kaset.

Akwai wata tsohuwar bashe, motar nan mai buɗaɗɗen baya, a garajinmu. Na ɗaura mata amsa-kuwwa huɗu, na haɗa su da wani ƙaton ampili, na'urar ƙara sauti, da muka ciro daga motar masu tallar magani. Ina kunnawa fizibil ya tsinke, ɗan siririn wayar nan da ke katse wuta in ta yi yawa. Na sa wani, shi ma ya tsinke. Maigidana ya leƙo ya ce, "Dinamon motar nan fitilunta ma da ƙyar yake ci da su. Auna abin da ampilin ke sha tukuna." Na ce to. Yana juya baya na cusa ƙusa a gurbin fizibil, tunda ƙusa ba ta tsinkewa. Minti biyu na gwada, jakin mai ruwa ya tsere da tuluna, na ce ya isa.

Da hantsi na isa gona na kunna. Muryar Inna ta fashe: "Ku tashi, 'yan banza!" Tsuntsaye suka tashi kamar hayaƙi. Inna ta dafe ƙirji ta ce, "Ni ce wannan?" Na ce kowa ya kama gabansa, aiki ya zo hannun ma'abota. Mata suka shiga daji tsinkar anza, 'ya'yan itacen nan masu ɗaci da ake ci lokacin yunwa, maza suka kora awaki rijiya mai nisa. Saura ni da kawu.

Inji yana aiki, amma ampili na shan wuta fiye da abin da dinamo ke bayarwa. Bateri ya fara ramewa, kaset ya fara jan ƙafa. Muryar Inna ta koma ta gardi, daga nan ta koma kukan bijimi mai jin barci. Tsuntsaye suka dawo, wasu har bisa amsa-kuwwar suka sauka suna gyaran fiffike.

Kawu ya ce, "Ɗan nan, kora take ko kira?"

Maimakon in kashe in ruga in kirawo mutane, sai na murɗa ampili har ƙarshe. Wari ya tashi, wayoyi suka narke, inji ya mutu. Na tuɓe riga ina kaɗawa, kawu na dukan ƙofar mota da takalmi. Mutum biyu ina za su iya? Kafin jama'a su dawo da la'asar, rabin zangarnun sun zama kara.

Ba wanda ya zage ni, kuma wannan ya fi zagi ciwo. Inna ta murza zangarniya ɗaya, ta hure tafinta, ba ƙwaya. Ta miƙo mini hannu ta ce, "Ba ni kaset ɗin. Muryata dai kada ta kwana a hannunka." Washegari suka koma kan gwangwaninsu, abin da ya rage suka tsare. Gida uku suka ci anza har damina, saboda ni.

Tun daga ranar na san cewa in mutum zai gwada gwanintarsa, ya gwada a kan tuwonsa. Na wani, ko an ba ka izini, ba wurin gwaji ba ne.