Fulogin Jirgin Wasa da Hannun Asabe

Ina tsakar gida riƙe da sifana, na rasa yadda zan yi da fulogin da bai kai ɗan yatsana ba. Ƙarshen shekarun saba'in ne, ina bakaniken manyan motoci a unguwar Laranto ta Jos, wani malamin makaranta ya ba ni gyaran jirgin samansa na wasa mai inji.

Na ɗaure sako-sako, mai yana tsartuwa. In na matse irin na mota, ramin fulogin ya cinye, kuma babu irin injin a Jos.

Matata Asabe ta karɓa, ta murɗa da yatsu, ta ɗan ƙara da sifana. Inji ya tashi.

"Yaya kika san ya isa?"

"Kamar murfin risho ne, Maigida. In ya zauna, ka ƙyale shi."

Har na ajiye sifana na bar kanikanci ban gano inda "ya zauna" yake ba. Ku fa, hannunku ya sani?