Ludayin da Ban Cika Ba

Shekarun baya masu nisa, tun ƙafata tana kai ni rijiya ta dawo da ni, wani abu ya faru a gidanmu na Sundimina wanda har yau idan na tuna sai in yi dariya, dariyar kuma ta ƙare da hawaye. Ni ban yi karatu ba. Jikata ce ke rubutawa ina faɗa mata, na kuma ce kada ta gyara mini komai.

A lokacin nan ne aka ce kowane yaro sai ya shiga makarantar boko. Ni 'yar Farin Dutse ce, aure ya kawo ni ƙasar Birnin Kudu. Maigidana, Allah ya jiƙansa, iyayensa masu shanu ne, a bayan garke ya tashi. Noma ma da girmansa ya koya, gini kuwa bai taɓa yi ba. Ga shi maginan garinmu duk sun tafi Kano aikin siminti, ba ka samun mai yi maka rumbu ko da roƙo. Sai Malam ya ce zai yi da kansa, ya kuwa yi. Ranar da ya gama, ya riƙa kewaya shi yana shafawa, sai ka ce shi ya gina masallacin Juma'a.

Da damina ta yi tsakiya aka shiga marka, rumbun ya jiƙe daga gindi, ya tsage, ya kwanta gefe guda. Dawar da ke ciki rabi ta tsiro, rabi ta yi funfuna. Wannan shekara da tafasa da rama muka ƙarasa ta. A cikin yunwar ce ƙyanda ta kama autana, yana ɗan shekara biyar. Na riga na binne 'ya'ya biyu kafin shi. Ya tashi, amma ya tashi kamar sillen kara, ba wasa, ba dariya.

Kaka ta zo, gona ta yi kyau. Dammunan dawa suna jibge a gona, ga gara, ga shanu za a sako, dole a yi sabon rumbu. Kowa da shawararsa. Wani ya ce ƙasar kududdufi, wani ya ce ta shuri, wani ya rantse ba kamar ta bakin rafi. Malam ya rasa ta wa zai ɗauka, kuma ya san idan ya sake kuskure, yunwar bara ce za ta dawo.

Yana zaune a tsakar gida ya yi tagumi, sai 'yarmu ta fari ta dawo daga makaranta. Sunan mahaifiyarsa ta ci, don haka uwata yake ce mata. Ta durƙusa ta ce, "Baba, malaminmu ya sa mun shuka wake a gwangwani uku. Ya ce idan kana son sanin gaskiyar abu, ka canza abu ɗaya kaɗai, ka bar sauran daidai, sai ka zuba ido."

Ya ce, "To uwata, a gwangwanin zan zuba dawar?"

"A'a, Baba. Mu gina 'yan rumbuna uku, kowane da irin ƙasarsa. Mu yi musu ruwan sama. Wanda ya tsaya, shi ne."

Ina bakin murhu na ce, "Malam, yanzu da gemunka za ka zauna wasan ƙasa da yara?"

Ya ce, "Wasan ƙasar da na yi ni kaɗai bara ai kin ga abin da ya haifar. Bari in gwada da masu ilimi."

Haka suka raba. Malam ya ɗauki ƙasar kududdufin bayan gida, wadda ya yi na bara da ita, don har lokacin bai yarda laifinta ba ne. Yarinyar ta ɗauki ƙasar shuri, irin wadda gara ke tarawa. Auta aka ba shi ta bakin rafi, don tana da laushi a hannu. Kowa aka auna masa ramno, wato yankakkiyar ciyawar da ake cakuɗawa da ƙasa, da ƙoƙo ɗaya. Kowane rumbu tsawon kamu guda, a kan 'yan duwatsu uku. Yarinyar ce ke aunawa da kara, ta ce, "Baba, naka ya fi kauri, rage." Shi kuma ya rage, yana ƙunƙuni. Wani maƙwabcinmu ya leƙo ta kan danga ya ce, "Malam, na kaji ne ko na ɓeraye?" Malam ya ce, "Na baƙi ne, idan ka zo kwana."

Abin da na gani shi ne auta. Yaron da ba ya tashi daga tabarma, ga shi da ƙasa har gwiwar hannu, harshe a waje, yana ɗora dunƙule kan dunƙule. Nasa ya ɗan karkace, amma kullum da safe sai ya je ya gaishe shi.

Suka bar su mako guda suka bushe. Malam ya samo tsohuwar ƙwarya ya huhhuda ta da basilla, ya miƙo mini da ludayi. Ya ce, "Ke za ki zama hadari, tunda ke kaɗai ba ki da rumbu a nan. Ludayi goma ga kowane, kowace safiya, har kwana uku."

Na ɗauki ƙwaryar ke nan, sai auta ya riƙe mini zane. Ya ce a hankali, "Inna, kada ki kashe mini nawa."

Na zuba wa na Malam goma cikakku. Tun kafin in gama, gefensa ya fara zamewa. Yara suka kama tsalle, auta ya yi dariya har da faɗuwa, dariyar da rabona da jin ta tun kafin ciwon. Na zuba wa na yarinyar goma cikakku, ya yi duhu amma bai motsa ba. Da na zo kan na auta, sai hannuna ya yi abin da ban ce masa ya yi ba. Na ɗebo rabin ludayi. Na karkata ƙwaryar yadda ruwan zai fi sauka a ƙasa. Baki kuwa yana ƙirgawa da ƙarfi, ɗaya, biyu, uku, har goma. Na ce wa raina, ai wasan yara ne.

Haka na yi rana ta biyu, haka na yi ta uku. Na Malam ya zama taɓo. Na yarinyar ya ɗan ɓantare a baki. Na auta yana tsaye ba ko ƙwarzane. Malam ya ɗaga shi ya ɗora a wuya yana kewaya gida, yana cewa, "Ga sarkin magina! Ƙasar rafi ce, an gama magana." Yarinyar kuwa ta kau da kai. Ta ɗauki tsintsiyarta ta makaranta ta fita.

Sai a nan na gane ba wasan yara ba ne. Malam ya aro jaki da mangala ya fara jidar ƙasa daga rafi, kuma rafin da nisa. Ya fita da sassafe, ya dawo, ya koma, har rana ta faɗi. Kullum in ce yau zan faɗa masa. In ya shigo da gumi yana murmushi, sai bakina ya mutu. In ce da kaina, wataƙila ma ƙasar tana da kyau, wa ya sani? Kwana huɗu ina wannan wa ya sani.

Rana ta biyar ya jiƙa tulin ƙasar, ya naɗe wando zai shiga kwaɓi. Na dubi tulin, na dubi auta yana wasa a gefensa, sai na tuna warin dawar bara. Ashe wanda na tausaya wa, shi zan sake jefawa cikin yunwa. Na je na durƙusa.

Na ce, "Malam, kada ka taka ƙasar nan."

"Me ya faru?"

"Ludayin auta, ban cika shi ba."

Ya tsaya da ƙafa ɗaya a sama. Can ya sauke ta. Ya ce, "Sau nawa?"

"Duka talatin ɗin."

Ya dubi tulin ƙasa, ya dubi jakin da ke ɗaure a gindin durumi. Sai ya ce, "Ni dai na yafe. Amma jakin can, ki je ki yi masa bayani da kanki."

Yarinyar tana bakin ƙofa. Ta ce, "Baba, na gani tun ranar farko."

Ya ce, "Uwata, me ya hana ki faɗa?"

Ta sunkuyar da kai ta ce, "Ai Inna ce."

Wannan kalma ta fi duk wani faɗa yi mini ciwo. A zamaninmu ana kunyar ɗan fari. Ban taɓa kiran sunanta ba, ban taɓa yaba mata a gaban mutane ba. Ga shi ta kawo dabarar da za ta ceci gidan, ni kuma na kayar da ita da hannuna, ta kuwa rufa mini asiri.

Ita ce kuma ta kawo gyara. Ta ce, "Baba, ka sake gina su duka kai kaɗai a bayan zana. Ka shafe su da toka su zama launi ɗaya. Inna ta yi ruwan, amma kada ta san na wane ne wane."

Na ce, "To a ba wani ludayin mana."

Malam ya ce, "A'a, ke ce dai hadarin. Sai dai wannan karon hadari ba zai san ɗansa ba."

Mako guda ya sake tafiya, dawa tana gona, Malam yana yini yana korar shanu. Ranar gwaji na tsaya gaban 'yan rumbuna uku farare, ban san wanda zan so ba. Na cika ludayi har yana zuba. Na tsakiya bai kai ludayi na takwas ba ya narke kamar gishiri. Malam ya ce, "Na rafi ke nan." Auta ya fasa kuka. Duk da haka na ƙarasa goman a kan taɓon. Kukan ma bai daɗe ba. Ya tsuguna ya sa yatsa cikin taɓon, ya murza, ya ce, "Baba, yashi ne ya yi masa yawa." Malam ya ce, "Ka ji maganar magina." Na kududdufi ya faɗi rana ta biyu. Na shuri kuwa kwana biyar ina zuba masa, har na ce ni hadarin na gaji.

Da ƙasar shuri aka gina babban. Mu duka muka yi jida, har da auta da ɗan ƙoƙonsa. Ƙasar rafin nan kuwa aka baje ta a tsakar gida, shekara da shekaru ina share ta ina tuna abin da na yi.

Damina ta dawo, aka yi marka ta kwana da kwanaki. Da ta ɗauke, Malam ya ɗaga jinkar rumbun, ya zura auta ciki ya ɗauko dami. Muna tsaye a ƙasa muna jira. Sai muka ji muryarsa daga ciki, "Baba, a bushe yake! Har da ɗumi!" Ranar na zuba wa yarinyar man shanu a tuwonta fiye da na kowa. Ta ɗago ta dube ni.

Abin da na koya ba mai yawa ba ne. Na gane mutum yana iya yin ƙarya bakinsa bai faɗi ƙarya ba, kuma so ne yake sa shi. Shi ya sa idan na ga jikokina suna kwaɓa ƙasa ko suna haɗa kara da gwangwani, ba na korarsu, kuma ba na ce wa kowa nasa ya fi kyau. Sai in ce su gwada su gani.

Shekara tara ke nan da rasuwar Malam, kuma ban saba ba, ba na jin zan saba. A ciwonsa na ƙarshe, da muka zo neman gafarar juna, na ce ya yafe mini kwana huɗun nan na jidar ƙasa. Ya daɗe yana kallona. Muryarsa ta riga ta yi ƙasa, sai da na matso da kunne.

Ya ce, "Kin san abin da ya sa na ba ki ludayin? Na san idan ni na riƙe, yaron nan ya dube ni, ba zan iya cika shi ba. Na zaci ke kin fi ni ƙarfin hali."

Allah ya haskaka kabarinsa, ya sa ya huta.