Dabinon Damina a Cikin Leda

Jiya a ofishin malamai wata abokiyar aikina ta yaga ledar dabino, ƙamshi ya cika ɗakin. Na karɓa na juya, sai ga tambarin kamfanin gidanmu. Na mayar mata da abinta. Wa zai yarda cewa wannan abu mai sheƙi a rumfar kakata aka fara shi, da kyandir da guntun zarto?

Gidanmu yana gindin duwatsun Dutse. A bayansa akwai bishiyoyin dabino da kakanmu ya rasu ya bari a hannun kakarmu, wadda kowa ke ce wa Inna. In ba ka sani ba, mai karatu, dabinon garinmu sau biyu yake haihuwa: na rani busasshe, na damina mai taushi da danshi, wanda in ka ci sai ka lashe yatsu. Duk shekara 'yan sari ne ke saye shi tun yana sama, su bar mana inuwa.

Baffa, autan su mahaifina, shi ya dawo daga Kano da sabon tunani. Ya ga dabinon Larabawa a kanti cikin leda, ana ɗaukarsa da ladabi, ya ce namu ba abin da ya rasa sai riga. Yayyensa suka yi dariya. Inna ba ta yi ba.

"Damina ɗaya na ba ka, Auta," in ji ta. "In ka ɓata, 'yan sari ba su manta hanya ba."

Lokacin ina firamare, kuma an yi ittifaƙi a gidan cewa rubutuna ya fi hankalina kyau, don haka ni ke rubuta takardar da ake sakawa a kowace leda. Baffa ya naɗe bakin ledar a jikin zarto, ya bi da shi ta kan kyandir, ta liƙe. Ruwa na sauka a kan kwano, ƙamshin dabino ya haɗu da ƙaurin roba. Inna ta zo wucewa da buta, ta tsaya.

"Wannan dabinon gumi yake yi. Ka toshe masa hanci?"

Baffa ya yi mata dogon bayani a kan iska da ƙwayoyin cuta, ya rufe da cewa ilimi ne.

"To, Allah ya ba ilimi sa'a."

Aka tura kayan kantunan Kano. Ba a jima ba motar Kano ta sauke mana buhu. Ledojin sun kumbura kamar kwaɗi, tsami na tashi, kowace ɗauke da rubutuna. Wannan ne aikina na farko da ya shiga duniya, kuma duniya ta dawo da shi.

Bayan la'asar aka zauna a tsakar gida. Mahaifina ya ce a aika wa 'yan sari tun sauran bai lalace ba. Baffa ya sunkuyar da kai. Ya san in aka kira su, shi da bishiyoyin nan sai kallo. Inna ta ce in miƙo ƙwarya. Ta zuba ragowar na rani da take ɓoyo a ɗakinta, ta girgiza, ya yi ƙwaras-ƙwaras. Ta juye, ta zuba na damina, ta girgiza. Shiru.

"Ka ji? Mai surutun nan shi za ka rufe. Wannan kuwa rana yake so, ka hau da shi soro."

Ta ƙara wa Baffa wa'adi zuwa rani, da sharaɗi biyu. Ba za a liƙe leda ba sai kunnenta ya ji. Sannan duk dabinon da ya faɗo da kansa na yaran unguwa ne, kamar yadda yake tun zamanin maigidanta.

Na rani ya tafi Kano bai dawo ba. Daga nan kyandir ya zama inji, rumfa ta zama shago, shago ya zama gini a bakin titi. Yau manoma daga Kiyawa da Miga suna kawo nasu, mata sun cika ɗakin tsinta, har busasshen mangwaro ake yi. Inna ta rasu kafin a sayo na'urar auna danshi. Na tabbata da ta gan ta, da ta yi mata addu'ar da ta yi wa ilimi.

Yanzu an zagaye gonar da katanga, ga mai gadi, ga manaja mai digiri biyu da ke ganin komai na ƙasa kayan kamfani ne. Yaran ma sun ragu, alewar kanti ta ɗauke musu hankali. Amma Baffa, da furfurarsa, ya sa an bar wata gajeriyar ƙofa ta baya, wadda babba ba ya shiga sai ya durƙusa. Da na je hutun bana na ga yara uku sun fito ta cikinta, aljihu ya yi nauyi. Mai gadin kuwa ya juya baya yana kallon dutse, kamar ranar ya fara ganinsa.