Na Zargi Maƙwabcina da Ba Karnukana Guba

A ƙarshen shekarun tamanin ina matashi ɗan shekara ashirin da bakwai, muna zaune a wani ɗan ƙauye kusa da Zoza. Ina noman dawa da gyaɗa, ina kuma kiwon shanun da mahaifinmu ya bar mana. Ina da mata da 'ya ɗaya wadda ba ta cika shekara uku ba. Ina da karnuka biyu masu tsare mini garke, baƙin kare da jar karya, ita kuma karyar tana da 'yan kwikwiyo uku a lokacin. Mutum ne ni mai saurin fushi, mai ganin ya san komai game da dabba, kuma wannan halin ne ya kai ni ga abin da har yau nake jin kunyar tunawa.

Da farkon damina karyar ta fara zawo. Ba irin wanda na saba gani ba ne. Ruwa-ruwa ne mai kumfa da maiƙo, ga wani wari da ke tsayawa a hanci. Tana cin abinci amma tana ramewa, har ana ƙirga haƙarƙarinta. Na hau keke na je Karaye wurin malamin dabbobi na yi masa bayani. Ya ce wata ƙwayar cuta ce ta hanji da ido ba ya gani, ana kiranta jiyadiya, tana fita a cikin kashi ta zauna a ruwa da ƙasa mai danshi. Ya ba ni fararen ƙwayoyi, ya ce in ba duka karnukan har maganin ya ƙare, in riƙa kwashe kashinsu ina binnewa nesa, in wanke su da wurin kwanansu. Na ce masa to, amma a raina dariya nake yi, wai ni da girmana zan riƙa bin kare ina kwashe masa kashi. Karyar kaɗai na ba maganin. Bayan kwana biyu zawon ya tsaya, sai na naɗe sauran a takarda na soke a jinkar ɗaki.

Ba a yi mako uku ba zawon ya dawo, wannan karon har da baƙin karen. Na sake komawa Karaye, na ɓoye wa malamin cewa ban bi maganarsa ba, na karɓo wani maganin, na sake yi masa yadda na yi wa na farko. A karo na uku 'yan kwikwiyo biyu suka mutu rana ɗaya. Nan ne tsoro ya fara shiga ta. Na ce ciwon Allah da Annabi ba ya tafiya ya dawo haka, lallai da hannun mutum a ciki. Kuma ban sha wahalar neman wanda zan ɗora wa ba. Maƙwabcina wani dattijo ne manomi, sa'an mahaifina, wanda shanuna suka taɓa yi wa ɓarna a gonar masara har sai da mai unguwa ya shiga tsakaninmu. Na fara faɗa wa mutane a majalisa cewa shi ke zuba wa karnukana guba don ya samu hanyar cutar da shanuna. Daga baya na kai ƙararsa. Dattijon ya rantse a gaban mai unguwa, idanunsa sun kaɗa, amma na ƙi yarda. Na hana matata gaisawa da iyalinsa, ko da yake rijiya ɗaya muke ɗiba, wadda ni na haƙa a wani kwari bayan garkena.

Sai 'yata ta kwanta. Da farko mun ɗauka haƙori ne ko wani abu da ta ci. Cikinta ya kumbura, ta ƙi tuwo, ta ƙi nono, tana gyatsa mai ɗoyi kamar ruɓaɓɓen ƙwai. Ranar da matata ta fito da zanen yarinyar za ta wanke, warin ya buge ni. Warin nan ne dai na karnuka, ba bambanci. Na tuna yadda 'yan kwikwiyon nan suka yi laushi kafin su mutu, na dubi 'yata na ga wuyanta ya fara siranta. Muka ba ta jiƙo, muka karɓo rubutu, ta yi sauƙi kwana huɗu, ciwon ya dawo. Na daina cin abinci. Ko ina gona, da na hango wani ya nufo ni daga wajen gida sai gabana ya faɗi, in ce ga mai kawo mini labari nan. A zuciyata na gama yanke cewa dattijon ya gama da karnuka ya koma kan jinina.

Wata safiya yarinyar ta kasa tsayuwa. Idanunta sun faɗa, tana kuka ba hawaye. Ban ce wa matata komai ba, na ɗauki sandata na nufi gidan dattijon, kuma Allah ya sani ba magana na je yi ba. Na tarar da shi a zaure zaune a kan tabarma, ya rungume jikansa ɗan shekara huɗu, yaron ya yi laƙwas a cinyarsa. Warin da na baro a gidana shi na tarar a zauren. Ya dubi sandar, ya dube ni.

"Ɗana," ya ce, "in duka ka zo yi, ga ni nan, ba inda za ni. Amma ka bari mu kai yaran nan asibiti tukuna."

Na ajiye sandar. Na ɗaura shanu a amalanke muka fita da yaran biyu zuwa bakin hanya, daga nan mota ta kai mu Rogo. Aka ƙara wa 'yata ruwa, aka riƙa ba jikan nasa ruwan gishiri da sukari da cokali. Da aka duba kashinsu, malamin asibitin ya faɗi sunan cutar nan da na riga na ji a Karaye, sannan ya tambaye mu inda muke ɗibar ruwan sha. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

Da muka dawo na je na ɗauko malamin dabbobin, na gaya masa gaskiya duka. Ya zagaya bayan garken, ya nuna mini inda karnukan ke kashi, ya nuna mini hanyar da ruwan sama ya yi daga nan har bakin rijiyar, wadda ko gini ba ta da shi. Ya ce in kawo sauran maganin, na zaro ƙunshi biyu daga jinka a gaban dattijon. Malamin ya ce ba zai rantse cewa daga karnuka yaran suka ɗauka ba, don mutane da shanu ma suna ɗauke da irinta, amma duk ƙazantar wurin nan cikin rijiyar take gangarawa, karnukan kuma suna warkewa su koma su sake lasar cutar a inda suka zubar da ita.

Muka gina bakin rijiyar, muka koma tafasa ruwan yara, na mayar da karnukan nesa, na ba su magani har ƙarshe, na wanke su da hannuna. Yaran biyu sun rayu, ko da yake sai bayan kaka 'yata ta mayar da jikinta. Na tsaya a ƙofar mai unguwa na janye maganata a gaban jama'a, dattijon kuma ya ce ya yafe. Sai dai maganar ta riga ta zaga. Har ya rasu akwai gidajen da ba sa barin yaransu su ci abinci a gidansa, kuma ni na jawo masa.

Na rubuto wannan ne don masu kiwon kare, musamman a ƙauye. In ciwon ciki yana tafiya yana dawowa, ku ƙarasa magani, ku ba dukkansu, ku duba inda suke kashi da inda iyalinku ke shan ruwa. Kada a raina ciwo don a jikin kare yake. Kuma duk tsoron da ya kama mutum, ya fara bincikar bayan gidansa kafin ya buɗe baki a kan wani. Karnukana sun warke, 'yata ta girma har ta yi aure, amma sunan da na ɓata wa bawan Allahn nan ban iya gyara masa shi ba har aka binne shi.