Tashar Jirgi a Gonar Ubana

Wawan labarin nan ni ne, gara in faɗa da bakina kafin 'yan unguwarmu su ƙara masa gishiri. Na yi lakkwal, wato boko, har na iya gaishe da mushe, malaminmu, da Faransanci, sannan aka koro ni. Amma duk unguwarmu ta Filinge ni kaɗai na taɓa shiga jirgin ƙasa, daga Faraku zuwa Kwatano, lokacin da muke zuwa cin rani. Tafiya ɗaya ce, a tsaye na yi ta, kwandon kajin wata mata bisa ƙafata. Da ita na zama malamin jirgi na ƙasar Kurfai baki ɗaya.

Shekarar da rediyo ya ce ana shimfiɗa ƙarfen jirgi daga Yamai zuwa Doso, sai ga wasu mutane da farar mota bakin gonarmu. Suka leƙa cikin wani abu mai ƙafa uku, suka kafa turaku masu jan fenti, suka tafi. Ba su ce da kowa komai ba. Ni na yi musu bayanin da ba su yi ba. Na gaya wa majalisa reshe ne za a jawo mana, tasha kuwa a gonata za ta zauna, tunda nan turakun suka fi yawa.

Gonar nan ubana ya bar mini ita da manyan itatuwan gawo. Gawo da rani yake ganye, ya zubar da 'ya'ya. Saboda haka duk bayan girbi wani Bafillace, wanda ubansa ma haka ya yi da ubana, yakan sauke shanunsa ƙarƙashinsu. Shanu su ci 'ya'yan gawo da kara, su bar mana taki, matarsa ta aiko da nono, mu aika da hatsi. Ba wanda ya taɓa zama ya tsara wannan, haka muka tashi muka tarar.

Da ya zo wannan shekarar, na tare shi a bakin gona.

"Bana ka nemi wani wuri, aboki. Nan tasha ce."

"Tashar mi?"

"Jirgin ƙasa. Ba ka san shi ba, sai na kai ka ka gani."

Ya dubi turakun, ya dube ni, ya kaɗa shanunsa ya yi wajen garin Damana.

A Faraku ban ga itace a tsakiyar tasha ba. Na ce in masu aiki suka dawo suka tarar da fili fes, ba za su kai tashar gonar wani ba. Na sa wa itatuwan gawon gatari. Matata ta zo ta tsaya, tulu a kai, ta ce, "Malam, uwarka a inuwar wannan take ba ka fura." Na ce mata ci gaba ba ya tambayar mata.

Masu farar mota ba su dawo ba. Har yau ban san abin da suka auna ba. Turakun mata suka tuge, suna ɗaure awaki.

Da na je Yamai duba ɗana, na ce ya kai ni babbar tashar. Ginin na nan da fentinsa, ƙofa a kulle. Ciyawa ta fito tsakanin ƙarafan, wata mata ta shanya wanki a kansu. Ɗana ya ce tun ranar da manya suka hau aka ɗauki hoto, shi bai ga jirgi ya ɗauki kowa ba. Tasu ke nan, mai gini da rufi. Tawa ko tubali ba ta samu ba.

Gona kuwa ta rama. Da babu gawo, iska ta kwashe ƙasar samanta, hatsi ya riƙa fitowa kamar gemun ɗan akuya, rumbu ba ya kai mu bazara.

Wata Lahadi na hangi Bafillacen a kasuwar dabbobi. Na gyara hula, na yi masa gaisuwa mai tsawo, har da tambayar shanu ɗaya bayan ɗaya.

"To, aboki, an ɗage zancen tasha. Bana kana iya dawowa, na ba ka izini."

Ya jingina da sandarsa.

"Ai shanuna ba wurinka suke zuwa ba, wurin gawon ubanka suke zuwa. Tai ka tsai da shi, gobe in kawo su."